Yadda Muka Nemi Takardar Gidan Gado a Ƙauyen da Birnin Sakkwato Ya Haɗiye

Na rubuta wannan bayani ne domin mutanen da gidajensu da gonakinsu na gado suke cikin tsofaffin ƙauyukan da birnin Sakkwato ya bazu ya haɗa da su, irin su Arkilla da Gwiwa da Kalambaina da Dundaye da Gagi da Kwannawa da Dambuwa da More, wuraren da baƙo yake ɗauka unguwanni ne kawai na birni, alhali garuruwa ne da suka daɗe da masallatansu da maƙabartunsu da gonakinsu. Namu ƙauyen yana cikin ƙasar Wamakko, kuma ni ne ’yan uwa suka ɗora wa nauyin neman takardar mallakar gidanmu da gonarmu bayan rasuwar mahaifinmu. Na sha wahalar rashin sanin inda ake farawa da inda ake ƙarewa, don haka zan jero matakan kamar yadda suka zo mana, da abin da aka nema a kowane wuri, da abin da na gane a ƙarshe.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin yadda muka tsinci kanmu a cikin birni. Sakkwato ta asali, wadda Muhammadu Bello ya kafa a 1809, gari ne mai ganuwa da ƙofofi, irin su Ƙofar Rini da Ƙofar Kware da Ƙofar Marke da Ƙofar Atiku da Ƙofar Taramniya, kuma duk abin da ke bayan ganuwar gonaki ne da ƙauyuka. Da garin ya zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, sannan hedikwatar Jihar Sakkwato a 1976, sai ma’aikata suka yawaita, aka gina ofisoshi da rukunonin gidaje. Kamfanin siminti na Kalambaina ya jawo nasa mutanen, jami’ar da aka kafa a 1975 ta ɗauki ƙasa mai faɗi a wajen Dundaye, hanyoyin da suka kewaye gari ta gabas da ta yamma kuma suka buɗe gonaki ga masu neman wurin gini. A shekarun baya-bayan nan rashin tsaro a gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, ya koro jama’a da yawa zuwa birni, kuma kowa yana neman inda zai sa kansa. Yau birnin ya wuce ƙananan hukumomin Sakkwato ta Arewa da ta Kudu, ya shiga Wamakko da Dange Shuni da Kware. A gabanmu gonakin gero da ke kewaye da mu suka zama fulotai, aka yi gidajen bulo masu dogayen katangu, mu kuma muka rage a tsakiya da lungunanmu da gidajenmu na ƙasa, ba tare da ko mutum ɗaya daga cikinmu yana riƙe da takardar hukuma ba.

Abin da ya tayar da mu shi ne turakun siminti da muka wayi gari muka gani a gefen gonarmu, da kuma labarin cewa za a fitar da hanya ta bayan gidajenmu. Na fara zuwa ofishin filaye domin in yi tambaya kawai, kuma na yi sa’ar samun wani dattijon ma’aikaci da ya zaunar da ni ya saurare ni. Da na ce gidan na kakanmu ne, sai ya ce: “Malam, ba a buɗe fayil da sunan mamaci, kuma ba a buɗe shi da sunan zuriya gaba ɗaya sai magada sun amince a rubuce da wanda zai tsaya musu. Ka koma ku raba gado tukuna, sannan ka samo shaidar masu ƙasa, sannan a auna, sannan ka dawo.” Wannan jerin da ya ba ni shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya, kuma duk wanda ya tsallake mataki ɗaya daga ciki sai an dawo da shi kansa.

Rabon gadon ya fi kowane mataki cin lokaci da taɓa zuciya. Tun rasuwar kakanmu ba a raba komai ba, domin ana noma gandu ɗaya, kowane magidanci yana da gayaunarsa, kuma ana ganin kunya ne a ɗaga maganar rabo alhali manya suna raye. A tsawon wannan lokacin wasu daga cikin ’ya’yan kakan sun rasu sun bar nasu magadan, saboda haka sai da aka yi lissafin gado a kan gado, wanda malaman fiƙihu suke da babinsa na musamman. Mun shigar da maganar a kotun Shari’ar Musulunci, aka biya kuɗin shigar da ƙara aka ba mu rasit, alƙali kuma ya nemi cikakken jerin magada da shaidu biyu da suka san zuriyar. A nan ne aka tsaya, domin akwai gwaggonmu da ke aure a ƙasar Gwadabawa, akwai ’ya’yan wata gwaggon da ta rasu a Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar, akwai kuma ɗan baffanmu da ke ci-rani a Legas. Alƙali ya ƙi ci gaba sai kowa ya zo ko ya aiko wakili da shaidar wakilci, kuma ina ganin ya yi daidai, ko da yake a lokacin jiran ya dame mu ƙwarai. Wasu daga cikin maza sun so a bi tsohuwar al’adar nan ta cewa mace ba ta cin gona, a sallame ta da ɗan abin da ya samu, amma alƙali ya karanta musu hukuncin a fili: namiji yana da rabon mata biyu, matar mamaci tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, idan akwai ’ya’ya, kuma gona da gida dukiya ce kamar kowace dukiya. Na ga Gwaggo tana share hawaye a ranar. Da na matsa na ce mata, “Gwaggo, ki yi haƙuri,” sai ta ce ba baƙin ciki ba ne, ba ta taɓa zaton za a kira sunanta a kan ƙasar mahaifinta ba.

Wata matsalar da ta taso a kotun ita ce ta wani yanki na gonar da kakanmu ya ba wani maƙwabci jingina tun da daɗewa, jikokin mutumin kuma suka tashi suna ganin nasu ne. A mazhabar Malikiyya akwai hukuncin hauzi, wato idan baƙo ya riƙe ƙasa shekara 10 yana amfani da ita, mai ita yana nan yana gani bai yi magana ba kuma babu abin da ya hana shi, da’awarsa tana raunana. Amma hauzi ba ya cin abin da aka tabbatar aro ne ko jingina. Allah ya taimake mu akwai tsofaffi biyu da suka halarci ƙulla jinginar, suka ba da shaida, aka mayar wa mutanen abin da kakansu ya bayar, aka rabu lafiya. Da waɗannan tsofaffin sun riga mu gidan gaskiya kafin a zauna, da yankin ya tafi. Bayan an gama, wakilan kotu suka fito suka ga gidan da gonar da idonsu, aka rubuta rabon kowa, muka karɓi kwafin hukuncin mai hatimi. Magada suka amince a bar gidan a dunƙule da sunan babban yayanmu a madadin kowa, aka rubuta wannan yarjejeniya daban, kowa ya sa hannu ko ya dangwala.

Daga nan sai masu ƙasa. Mun fara da mai unguwa, wanda ya tara maƙwabtan gabas da yamma da kudu da arewa, aka zagaya iyakoki ana nuna alamomin da aka sani tun dā: tsohuwar kuka, da jerin gawo, da kwarin da ruwa ke bi. Shi ya kai mu wurin hakimi, hakimi ya sake tambayar shaidun a zaurensa, ya sa aka rubuta takardar shaida cewa gidan da gonar na zuriyarmu ne tun kafin zamaninsa, sannan aka kai wa uban ƙasa ya sa hannu da hatimi. Wannan mataki bai ɗauki lokaci mai tsawo ba, sai dai jiran ranar da uban ƙasa yake zama. Abin da aka kashe shi ne na gaisuwa da goro kamar yadda aka saba, da kuɗin buga takarda. Sai dai ina jan hankalin mai karatu cewa takardar hakimi shaida ce ta tarihi da zama, tana da ƙarfi sosai wajen buɗe fayil da wajen shari’a, amma ita kaɗai ba ta tsayar da hanya ba, banki kuma ba ya karɓar ta a matsayin jingina. Mutanenmu da yawa sun ajiye ta a akwati suna ganin sun gama.

Awo ya zo mana a farkon 2023, daidai lokacin ƙarancin takardun naira, don haka ko haɗa kuɗin safiyo sai da ya zama aiki, domin yawancin magadan ba su da asusun banki. Mun ɗauki safiyo mai rajista, kuma wannan shi ne sharaɗi, saboda zanen da wani mai igiya da tef ya yi ba ya shiga fayil. Ya zo da na’urarsa da yaransa, ya ɗauki lambobin kowace kusurwa, ya kafa turaku, ya ce mu ba shi lokaci ya ɗora awon a kan taswirar hukuma ya ga ko wurin yana da wani mai shi a rubuce. Kuɗin wannan aikin ya ci fiye da rabin duk abin da muka kashe daga farko har ƙarshe. Ranar da ya kira ni ofishinsa ya juyo mini da fuskar kwamfuta, na ga abin da ya sa jikina ya yi sanyi. Kusan rabin gonarmu yana cikin wata tsohuwar taswirar fulotai da aka zana shekaru da dama da suka wuce, kowane fuloti da lambarsa, kuma hanyar da aka tsara ta ratsa zaurenmu da ɗakin Inna. Ƙauyen kansa kuwa, da masallacinsa da rijiyoyinsa da maƙabartarsa, ban da wannan hanyar ba a zana komai a cikinsa ba. Fili ne fari da aka kewaye da layi aka rubuta cewa tsohon mazauni ne. Na daɗe ina kallon wannan farin wurin, domin a cikinsa aka haife ni, a cikinsa aka binne mahaifina da kakannina.

Da na kai takardun ga masu tsara birni, sai bayanin ya ƙara fitowa. Jami’in da ya duba ya ce ba zai iya ba da shawarar a amince da gida ɗaya a tsakiyar ƙauyen da ba a fitar wa hanyoyi ba, domin ba a san inda titi zai bi ba, ba a san inda magudanar ruwa za ta bi ba, kuma idan aka ba mu takarda yau aka zo fitar da hanya gobe, an ƙulla rigima. Ya ce abin da ya fi shi ne mutanen garin su zo gaba ɗaya su nemi a tsara musu wurin a yadda yake, a gyara abin da za a iya gyarawa ba tare da an tashe su ba. Na fito ina jin kamar an rufe mini ƙofa, amma daga baya na gane cewa wannan ita ce shawara mafi amfani da aka ba ni a duk tafiyar.

Tara mutanen gari a kan wannan magana ya fi zuwa kowane ofishi wuya. An yi zaman farko a ƙofar masallaci bayan sallar La’asar, kuma da jin an ambaci safiyo da taswira sai hankalin tsofaffi ya tashi, domin a saninsu duk inda aka ga mai awo, tashi ne ke biyo baya. Ba su yi ƙarya ba, sun ga yadda aka karɓi gonakin maƙwabtan garuruwa aka ba su abin da bai kai ya kawo ba. Wani dattijo ya miƙe ya fuskanci hakimi ya ce: “Ranka shi daɗe, nan anka haife mu, nan anka haifi uwayenmu. Ba mu munka tai birni ba, birni na yat tarar da mu. Mi za mu roƙa ga abin da munka gada?” Hakimi ya bar shi ya gama, sannan ya ce masa: “Baba, gaskiyarka, amma waɗanda sunka sayi gonakinmu jiya suna da takarda, mu da munka shekara ɗaruruwa ba mu da ita. In an zo da jan fenti, wa za a fara shafa ma?” Wannan tambayar ce ta juya zaman. Aka kafa kwamiti da ya haɗa liman da masu unguwanni da malaman makaranta biyu da wakilin matasa, aka kuma nemi wata malamar Islamiyya ta riƙa shiga gidaje tana yi wa mata bayani, domin akwai zawarawa da marayu masu gidaje waɗanda ba sa zuwa ƙofar masallaci. Aka sa wa kowane gida naira 5,000 a matsayin gudummawar farko, aka yafe wa marasa hali, ’yan garin da ke aiki a birni kuma suka cike gibin.

Kwamitin ya rubuta takardar koke, hakimi da uban ƙasa suka sa hannu, aka kai wa ƙaramar hukuma kwafi, aka kai wa masu tsara birni da ma’aikatar filaye. An yi jira mai tsawo da ya ci damina guda, kuma zirga-zirgar ta yi tsada, domin an cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023 kuɗin kabu-kabu ya ninka. Bayan kaka ma’aikata suka fito, suka bi lungu-lungu suna auna kowane gida. Daga nan aka shiga ciniki na gaskiya a kan hanyoyi. Su suna son titi mai faɗi miƙaƙƙe, mu kuma muna son a bi tsofaffin lungunan a faɗaɗa su gwargwadon yadda motar ɗaukar mara lafiya da motar kashe gobara za su shiga. An daidaita a kan manyan hanyoyi biyu da za su ratsa garin, sauran kuma a bar su ƙanana. Hanyar da ta so cin ɗakin Inna aka karkatar da ita ta bi tsohon burtali, wanda dama shanu sun daina bi tun da gine-gine suka toshe shi, amma zaurenmu ya rasa wani sashe, haka gidaje da yawa suka ba da taku biyu ko uku daga katangunsu. Akwai gidaje ƙalilan da hanyar ta ci da yawa, kuma jama’a suka yanke cewa ba za a taɓa su ba sai an taru an gina musu madadin abin da za su rasa. Na yi imani da ba a yi haka ba, da maganar ta watse a nan.

Abin da na fi alfahari da shi a aikin kwamitin shi ne dagewa a kan wuraren da ba na kowa ba. Maƙabartarmu ba ta da katanga, kuma masu gini sun riga sun fara cin gefenta ta arewa. Filin idi da filin makarantar firamare da tsohuwar rijiyar gari da kududdufin da ruwan sama ke taruwa duk suna cikin irin wannan haɗari, saboda dillali yana fara sa ido ne a kan abin da babu mai tsaya masa. Liman ya ce ba za a auna gidan kowa ba sai an fara auna maƙabarta, kuma haka aka yi. Aka kafa mata turaku, aka shigar da ita taswira da sunanta, matasa suka yi gayya suka fara kewaye ta. Kududdufin ma mun roƙi a bar shi, domin duk wanda ya ga ambaliyar 2010, wadda ta yanke hanyar zuwa mazaunin jami’a na dindindin, ya san ruwa ba ya manta hanyarsa, kuma unguwannin da aka cike kududdufansu aka yi gini su ne ke kwana cikin ruwa a watan Agusta.

Sai bayan an amince da wannan tsarin ne fayil ɗin gidanmu ya fara tafiya. Na sayi fom, na haɗa da kwafin hukuncin kotu, da yarjejeniyar magada, da takardar hakimi da uban ƙasa, da zanen safiyo, da hotunan yayanmu, da katinsa na ɗan ƙasa, da shaidar biyan haraji. Wannan ta ƙarshen ta ba mu ɗan aiki, domin yayanmu manomi ne mai sayar da albasa kuma bai taɓa shiga ofishin haraji ba, sai da aka ƙiyasta masa abin da zai biya aka ba shi takarda. Kowane kuɗi na hukuma a banki muka biya shi muka kawo rasit, kuma kuɗaɗen kashi-kashi ne: na fom, na duba wuri, na rajista, da kuɗin ƙasa da ake biya duk shekara. Adadinsu yana bin girman fili da unguwar da yake da abin da za a yi da shi, saboda haka mai nema ya buƙaci a rubuta masa lissafinsa a takarda kafin ya biya komai. An ba mu lambar fayil, ma’aikata suka sake fitowa suka duba gidan, sannan fayil ya shiga zagayen tebura. Akwai lokacin da ya kwanta a wani tebur har na fara fid da rai, kuma a wannan lokacin ne wani mutum da ke yawo a harabar ya ce in ba shi wani abu ya fito mini da takarda cikin mako guda. Na ƙi, na ci gaba da zuwa da lambar fayil ina tambaya cikin ladabi, ina rubuta sunan sashen da aka ce ya koma. A ƙarshe aka ba mu takardar amincewa mai ɗauke da sharuɗɗa, muka biya abin da ya rage, daga baya takardar shaidar mallaka ta fito da wa’adin shekara 99. Da na kai wa Inna ta riƙe ta da hannu biyu, ta ce in karanta mata sunan da ke kai, ta yi wa mahaifinmu addu’a.

Gonar kuwa labarinta daban ne, kuma a nan ne ya kamata kowa ya san abin da doka ta ce. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi ikon ayyana wurin da ya zama birni, ta bar ƙasar karkara ga ƙananan hukumomi. Dokar ba ta kori wanda ta tarar a kan ƙasarsa ba: sashe na 34 ya amince da mai gini a cikin birni kamar wanda gwamna ya ba izini, sashe na 36 kuma ya amince da mai gida da mai gona a karkara. Amma a cikin birni, filin da ba a gina ba rabin hekta kawai ta bar wa mai shi, wato wajen fuloti 10 masu ƙafa 50 da 100, kuma ta hana a yanka gonar karkara fuloti-fuloti a sayar, wanda shi ne awon igiyar da ake yi kullum a gefen gari. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon karɓar ƙasa domin amfanin jama’a bayan an ba da sanarwa, sashe na 29 kuma ya ce diyyar da ake biya ta abin da ke kan ƙasar ce, gini da amfanin gona da itatuwa, ba ta ƙasar kanta ba. Wannan ne ya sa manomin gero yake fita da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a gonar da za a sayar da fuloti ɗaya nata da miliyoyi. A ganina wannan shi ne babban zaluncin da ke cikin tsarin, kuma ba laifin ma’aikacin da ke zaune a tebur ba ne, gyaran doka yake buƙata. Mu dai mun nemi a binciko ko an taɓa biyan diyyar sashen da ya shiga taswira, aka duba ba a sami shaidar biya ba, kwamiti ya shigar da kokenmu tare da na sauran masu gonaki, aka daidaita a kan ba mu wasu fulotai a cikin wurin. Sashen da ya rage muka auna shi muka buɗe masa nasa fayil, yayanmu yana ci gaba da noma shi.

Ga abin da na koya, ga wanda zai bi wannan hanya. A raba gado tun tsofaffin da suka san iyakoki da jingina da aro suna raye, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a sa mata da marayu a cikin lissafi tun farko, don magajin da aka manta yana iya rushe fayil bayan shekaru. Kada a sayar da ko taku ɗaya kafin safiyo mai rajista ya ɗora wurin a kan taswira, saboda wanda ya sayar da abin da ya riga ya shiga tsarin hukuma ya jawo wa kansa shari’a da mai saye. A riƙe asalin kowace takarda a gida, a riƙa yawo da kwafi, kuma kada a ba kowa kuɗin da ba shi da rasit. Mafi muhimmanci, mutumin tsohon ƙauye kada ya tafi shi kaɗai. Wanda ya sayi fuloti a sabuwar unguwa yana iya neman takardarsa shi ɗaya, domin an riga an zana masa titi da lamba, amma mu sai garin ya shiga taswira kafin gida ya shiga, kuma garin ba ya shiga sai mutanensa sun yarda su ba da taku biyu daga katangunsu, sun kuma tsaya wa maƙabarta da makaranta da hanyar ruwa kafin su tsaya wa nasu.

Takarda ba ta kawo mana ruwan famfo ko kwalta ba. Har yanzu manyan hanyoyin biyu na ƙasa ne, taransifomar da muke amfani da ita ta sabuwar unguwar da ke gefenmu ce kuma ta yi mana kaɗan, ruwan da ke gangarowa daga gidajen bulo da aka gina a kan tudu kuma yana bi ta cikin lungunanmu yana cin gindin katangun ƙasa. Bambancin shi ne yanzu idan kwamiti ya je neman magudanar ruwa yana zuwa da taswirar da hukuma ta sa wa hannu, mai nuna inda za a haƙa da inda ruwan zai faɗa. Mun kai wannan buƙatar ga ƙaramar hukuma da ma’aikatar ayyuka da ɗan majalisarmu na jiha, kuma kafin a amsa, matasa sun fara haƙa ramin wucin gadi daga bakin masallaci zuwa kududdufi domin a tari daminar bana. Gidajen da ba su buɗe fayil ba tukuna, yawancinsu na zawarawa ne, kwamiti yana tara musu kuɗin awo daga gudummawar da ake karɓa duk ranar Juma’a.